Shafin da Na Tsallake wa Gwaggo

Na daɗe ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata da ke kan hanyar Bunkure, kuma a cikin shekarun nan na yi suna da wani aiki da babu shi a takardar da aka ɗauke ni aiki da ita, wato zaɓa wa yara littafin karantawa. Yarinya za ta tare ni a bakin ofis, ta ɗan rusuna, ta ce, "Malama, wanne zan karanta a hutun nan?" Ko sauri nake yi sai na tsaya. Rauni ne gare ni a nan, na sani, kuma yaran ma sun sani, don wasu da wannan tambayar suke mantar da ni aikin gidan da ba su yi ba.

Irin littafin da na fi miƙa musu shi ne wanda aka gina labarinsa a zamanin da, aka kuma sa yarinya mai ƙarfin hali a tsakiyarsa. Ba na son wadda aikinta a littafi kuka ne daga bango zuwa bango. Akwai wani da nake bayarwa, na 'yar wata ungozoma a lokacin da jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano. Akwai na wata da ta riƙe ƙannenta a shekarar fari. Abin da ke jan hankalina a cikinsu tambaya ɗaya ce, wadda har yau ban gaji da ita ba: yarinya kamar waɗannan da ke zaune a gabana, da an haife ta lokacin da babu kwalta, babu kanal, babu waya, me za ta yi ranar da abu ya taso mata ita kaɗai?

Amma ba na ba wa yara littafi sai na gwada shi, kuma a kan Gwaggo nake gwaji. Yayar mahaifina ce, tana zaune a cikin garin Kura, bayan gidanmu kaɗan. Sana'arta gumar shinkafa: ta sayi shanshera daga manoman rani, ta jiƙa, ta turara a rabin ganga, ta shanya a kan tamfol, in ta bushe a kai inji. Ba ta yi boko ba, idonta kuma ya fara rauni, amma kunnenta ko allura ta faɗi sai ya ji. Bayan la'asar nakan je in same ta a bakin shanya da doguwar sanda tana korar kaji, in zauna a kan buhu in karanta mata. Idan ta fara gyangyaɗi, littafin ya faɗi. Idan na rufe ta ce, "To, sai me ya faru?" gobe yana hannun ɗalibaina. Marubuta da yawa sun faɗi jarrabawa a bakin tamfol ɗin nan ba su sani ba.

Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, "uwata" take ce mini. Sannan akwai abin da duk Kura ta san ta da shi. 'Yan kasuwar da ke zuwa daga Kano ba sa kwance bakin buhunta. Idan ta ce babu tsakuwa, babu. Idan ta ce wannan ta ɗan sha rana za ta karye a inji, sai ta faɗa tun kafin a tambaye ta. Na taɓa jin wani direba yana cewa da abokinsa, "In tsohuwar nan ta ce maka yau Talata, kar ka duba waya."

Littafin da ya jawo mini abin da zan faɗa, wata abokiyar aikina ce ta kawo mini shi daga Kano. Siriri ne, bangonsa ba kyau, takardarsa kuma irin wadda ake ganin rubutun baya ta gaba. Ban karanta shi ni kaɗai ba tukuna, na ɗauka kai tsaye zuwa wurin shanya. Na buɗe, na tsallake shafukan farko kamar yadda kowa ke yi, waɗannan na godiya ga iyaye da malamai da wanda ya buga a na'ura, na fara daga babi na ɗaya. A layi na uku sai ga sunan Kura.

Gwaggo ta sauke sandarta. Ta ce, "Kurar nan tamu?"

Na ce, "Ita."

"Wace unguwa?"

Na duba gaba kaɗan, na ce bai faɗa ba.

A nan ya kamata in ce mata, Gwaggo, labari ne aka ƙirƙira. Ban faɗa ba. Littattafan da na karanta mata a baya duk a garuruwan da ba ta sani ba aka yi su, tana jin su ne kamar yadda ake jin hira, ni kuma na ɗauka ta san duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ko kuwa in faɗi gaskiya: na ga yadda ta gyara zama ta juyo da kunnenta gaba ɗaya wajena, abin ya yi mini daɗi, ban so in ɓata shi ba.

Labarin na wata 'yar marini ne, a zamanin da Turawa ba su zo ba, lokacin da baƙin zanen Kura mai ƙyalli yake tafiya har Agadas a bayan jakuna. Mahaifinta ya karɓi aikin wasu Buzaye, ya rina, aka buge, lokacin tafiya ya zo ba shi da lafiya, ba shi kuma da ɗa namiji da ya isa. Sai 'yarsa mai shekara goma sha shida ta ce ƙafarta ƙafarsa. Madugu, shugaban ayarin, ya ƙi, ta bar uwarta a gida ta bi su a baya da jakuna uku har sai da suka yi nisan da ba za a iya koro ta ba. Ba ta da wani ƙarfi na ban mamaki, ba ta dokan kowa. Taurin kai ne da ita, da iya ɗaurin kaya, da rashin mantuwa.

Kwana huɗu muna karatu, kaji suka samu sakewa irin wadda ba su taɓa samu ba. Wata rana har akuya ta hau tamfol tana ci, Gwaggo na kallon wajen amma ba ta gan ta ba. Takan tsayar da ni ta yi gyara. Ta ce ba haka ake ɗaura wa jaki mangala ba. Ta ce hanyar da aka ce sun bi daga Kura, da damina ba ta biyuwa. Amma gyaran nata irin na wanda ke gyara wa maƙwabci labarin da shi ma ya san an yi ne, ni kuwa ina jin haka ina ci gaba da karatu.

A babi na bakwai uban ya rasu a hanya, kusa da wata rijiya, 'yar tana riƙe da kansa. Gwaggo ta yi salati a hankali, ta ja gefen mayafinta ta goge ido. Ta ce, "Rufe, uwata. Ba a ci gaba da hira ranar da aka yi rashi." Na rufe. Muka kwashe shanyar.

Daga nan ta fara cigiya. Da farko ban sani ba, sai daga baya nake tsintar labarin a bakin mutane. A layin inji ta tambayi tsofaffin mata ko sun taɓa jin wata 'yar marina da ta bi ayari. A gidan suna ta ba da labarin rijiyar, aka ce har wasu sun yi hawaye. Da yake ita ce ta faɗa, babu wadda ta ce a ina kika ji. Wata ta ce kamar kakarta ta taɓa ambatar haka. Wata ta ce ai gidan yana nan wajen tsohuwar marina. Labari ya fita daga hannun marubucinsa ya shiga hannun matan Kura, su kuwa ba sa mayar da abu yadda suka karɓe shi.

Ni ma kaina ban tsira ba. Wata Asabar na samu kaina ina tafiya wajen tsohuwar marinar, ina leƙa ramukan da shara da ledoji suka cike, ina ƙiyasta inda gidansu zai kasance. Ni da na san ƙirƙira ce. Na tsaya can ina tunanin mutum nawa ne suka tsoma hannu a ramukan nan, kuma a cikin 'ya'yansu mata ko akwai wadda ta taɓa yin abin da ya isa a rubuta, aka bar shi ya bi iska. Na dawo gida da ƙura a ƙafa da wani irin jin daɗi, na ce wa kaina babu laifi ai, ga tsohuwa ta samu abin da ke sa ta farin ciki.

Ranar wata Laraba ta tare ni da murna tun ban zauna ba. Ta ce an samo su. Akwai wata tsohuwa a Madobi, dangin kakarta marina ne daga Kura, kuma a gidansu ana maganar wata mace da ta yi tafiya mai nisa da fatake. Ta ce, "Jibi Juma'a, gata Asabar. Asabar za mu je. Na yi wa mai adaidaita magana. Ki riƙo littafin ki karanta musu, su san irin macen da suka fito daga tsatsonta. Ni kuma zan auna musu shinkafa ta gaisuwa."

Na ce to. Wannan "to" ɗin, har yau in na tuna shi sai in ji kunya. Babi uku suka rage mana, ta ce a ajiye su, tana so a ƙarasa a gaban jikokin yarinyar.

Gwaggo tana da wata al'ada ta ranar Juma'a da safe. Takan ajiye ƙwarya a gabanta, ta buɗe buhun shinkafar da ta fi kyau, ta riƙa ɗiba da tafin hannu tana zubawa, kowane tafi na mamaci ɗaya ne a cikin nata. In ta gama ta yi musu addu'a, ta aika da ƙwaryar gidan da ta san tukunyarsu ba ta hau wuta ba. Tun ina ƙarama na san lissafin: mahaifinta, mahaifiyarta, maigidanta, 'ya'yanta biyu da suka rasu suna ƙanana, da mahaifina. Tafi shida. Wannan Juma'ar na biya ta gidan kafin in wuce makaranta, na tsaya a bakin ƙofa ina kallo. Ta zuba shida, sai ta ƙara biyu.

Na ce, "Gwaggo, an yi rasuwa ne ban ji ba?"

Ta ce, "Na yarinyar nan ne da ubanta. Shi an binne shi a daji, wa ya san ko akwai mai tunawa da shi. Mako biyu ke nan ina sa su."

A makaranta ranar ban san abin da na koyar ba. Abin da nake gani kawai shi ne gobe: matar da ba a kwance bakin buhunta, zaune a ɗakin baƙi a Madobi, tana rantsuwa a kan abin da ba a yi ba, ni kuma ina gefe da littafi ina ba ta shaida. Wata rana ɗan wani gida da ya yi boko zai ɗauki littafin ya yi dariya, dariyar kuma ba ni za ta samu ba. Da aka tashi na zauna a ofis na buɗe littafin daga bangon farko, ina neman ko da kalma ɗaya da zan fake da ita. Sai ga shi a shafi na uku, ƙarƙashin godiya, da ƙananan baƙaƙe. Marubucin ya faɗa a fili cewa garuruwan da sana'ar da hanyar gaskiya ne, amma yarinyar da mahaifinta da madugun shi ya ƙirƙire su.

Bayan la'asar na same ta a kan tamfol, ta tuɓe takalmi tana juya shinkafa da ƙafa, tana jan layi tana dawowa. Na ce akwai wani wuri da ban karanta mata ba. Na karanta. Ba ta daina tafiya ba sai da ta kai ƙarshen layin.

Ta ce, "Sake."

Na sake.

"A ina wannan yake a cikin littafin?"

"A farko, Gwaggo."

"Kafin labarin?"

"Kafin labarin."

Ta zo ta zauna a kan kujerarta 'yar tsugune, ta kakkaɓe shanshera daga tsakanin yatsun ƙafarta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "To mutumin nan ya yi sallama kafin ya shigo. Ke ce ba ki isar ba."

Na fara bayani irin namu na malamai, cewa ana kiran irin wannan ƙagaggen labari, ana ɗaukar zamanin gaske a sa mutanen da ba na gaske ba don a fahimci yadda aka rayu. Ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Malama, na san tatsuniya. Tun ba a haifi ubanki ba nake yin ta. Amma mai tatsuniya yakan ce ga ta nan ga ta nanku, don kowa ya san da wane kunne zai saurara. Akwai kunnen tatsuniya, akwai kunnen labarin mutane. Ni da na biyun na saurare ki, kina gani."

Ba ta taɓa ce mini Malama ba sai ranar. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce ta yafe mini, har da maganar sadakar. Ta ce, "Shinkafa ta shiga cikin masu jin yunwa, wannan ba ta ɓata ba. Addu'ar ce ban san inda ta sauka ba." Sannan ta fara lissafa gidaje da yatsu, gidan da ta ba da labarin da bakinta, da wanda aka ji daga wanda ta faɗa wa. Ta ce ba za ta iya bin su duka ba da wannan idon, kuma ba ita ta tsallake shafi ba. Mai adaidaita dai an riga an yi masa magana, don haka gobe in shiga ni kaɗai.

Haka na yi. Na fara da cikin gari, gida biyar, ina sallama ina cewa Gwaggo ce ta aiko ni in gyara wata magana, kuma laifin nawa ne. Wata ta ce, "Ayya," ta ci gaba da tsintar wakenta. Wata ta ɓata rai sosai, ta ce ita har ta faɗa wa surukarta. Wata kuwa ta ƙi yarda sam, ta ce ita ta san gidan, masu littafi ne ba su sani ba. Na bar ta da gidanta, don ba ni da ƙarfin wannan gardamar.

Daga nan muka kama hanyar Madobi, ta gefen kanal, gonakin albasa a dama, shinkafa a hagu, ana ta kwashe tumatir a kwanduna. Tsohuwar ta karɓe ni da fura. Da na gama bayani sai ta yi dariya har tana tari. Ta ce, "Ni ma da aka aiko mini na yi mamaki. Tamu ba Agadas ta je ba. Mijinta ne ya tafi fatauci ya shekara uku shiru, ta goya jaririnta ta bi sawunsa har ta same shi a wani gari ya buɗe shago ya manta hanya. Ta karɓo jakinta da ya tafi da shi, ta dawo ta bar shi can." Na tambaye ta wane gari, ta ce ba ta sani ba. Na tambayi sunan matar, ta ce su dai da Kaka suka san ta. Na yi ta tambaya har mai adaidaita ya fara danna ham a waje. Abin da ya rage na wannan mata a duniya ke nan, jimla huɗu da jaki, kuma mai riƙe da su ta haura tamanin.

Na kawo wa Gwaggo rahoto gida-gida. Ta saurara, ta ce madalla. Da na ba ta labarin mai jakin ta ɗan murmusa, ta ce wannan ta yi kama da mutanen Kura. Na ɗauka an wuce wurin, na zaro littafin na ce ko mu ƙarasa babi ukun. Ta ce in mayar da shi jaka.

Bayan kwana biyu, muna zaune, ba tare da wata shimfiɗa ba ta ce, "Uban nan, wa ya kashe shi?"

Na ce ciwo ne, ai tun daga gida ba shi da lafiya.

"Wa ya sa masa ciwon?"

Ba ta jira amsata ba.

Ta ce, "In Allah ya ɗauki mutum, sai haƙuri, shi ya ba da shi ya karɓa. Da wannan haƙurin na yi kukan. Ashe wani ne ya zauna a kan kujera da biro, ya ga yarinya a tsakiyar daji ba ta da kowa sai ubanta, ya ce bari in ɗauke shi. Yana da ikon ya bar mata shi. Me ta yi masa?"

Na yi shekaru ina koyar da jigo da salo da warwarar labari, ina da amsoshi a rubuce a littafin darasi. Na laluba duka ban samu wadda zan iya faɗa wa matar da ta binne 'ya'ya biyu ba. Na ce ban sani ba. Ta ce ita ma haka ta zata.

Tun daga ranar ba ta sake yarda na karanta mata komai ba. Ba ta yi fushi irin na ƙulla gaba ba. Ina zuwa, muna gaisawa, muna korar kaji, muna maganar ruwan da aka rufe a kanal da yadda tumatir ya faɗi a kasuwa. Na kawo wani littafin dabam, na ce wannan zan fara daga bango. Ta ce, "Ki kai wa yaranki, su suna da kunne biyu. Ni nawa ya tsufa, ba ya iya jin abu da rabin zuciya." Na yi kewar karatun nan ƙwarai. Na rasa mai gwada mini littattafai, amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ya dame ni shi ne, a duk masu saurarona babu wanda ya taɓa ba ni kunnensa gaba ɗaya kamar ita, ni kuma na yi wasa da shi.

Babi ukun na ƙarasa su ni kaɗai. Yarinyar ta kai kayan Agadas, ta damƙa wa masu su, ba zane ɗaya da ya ɓata. Ta juyo da ayari na gaba. Littafin ya ƙare tana zaune a gindin wata bishiya, saura tafiyar kwana uku ta iso Kura, jaki ɗaya ya gurgunce, hadari yana haɗuwa a gabas. Nan marubucin ya ajiye biro. A matsayina na malama na yaba, na ce ya bar wa mai karatu aiki. Na sa littafin a cikin waɗanda nake bayarwa, kuma yara suna son sa, har layi ake yi. Sai dai yanzu kafin yarinya ta fita da kowane littafi daga ofishina, sai ta tsaya ta karanta mini shafukan farko da ƙarfi. Wata mai baki ta taɓa ce mini, "Haba Malama, ai kowa ya san fikshon ne, ƙagagge." Na ce ta karanta dai.

Aka girbe shinkafar rani, aka shuka ta damina, ita ma aka girbe. Idon Gwaggo ya ƙara rufewa, gumar ta koma hannun jikarta, ita sai dai ta zauna a inuwa ta ɗebi shinkafa ta murza a tafinta ta faɗi ko ta bushe. Wata ranar Litinin da yamma ina zaune kusa da ita ina duba takardun jarrabawa, ita kuwa tana jingine har na ɗauka barci take.

Ta ce, "Ta kai gida?"

Ban tambaye ta wa ba. Na ajiye jan biron. Kalma ɗaya ce za ta sa ta kwanta da daɗin rai, kuma babu yadda za a yi ta gane. Na ji kalmar a kan harshena.

Na ce, "Ba ta kai ba, Gwaggo. Ta sauke amanar, ta juyo. Saura kwana uku ta iso, sai littafin ya ƙare."

"Ya ƙare yaya? Ta mutu?"

"A'a. Tana gindin bishiya da jakunanta, hadari ya taso. A nan ya tsaya."

Ta juyo da fuskarta wajena, idanun da ba sa ganina sosai suna nema na. Ta ce, "Ya fito da 'yar mutane daga gidan ubanta, ya kashe uban, ya bar ta a daji da hadari, ya tashi ya tafi harkarsa?"

Na ce haka ne.

Ta jinjina kai, ta daɗe tana murza shinkafar da ke hannunta. Sannan ta miƙo hannu ta laluba cinyata, ta taɓa takardun, ta taɓa biron da na ajiye a kansu, ta tura mini shi.

Ta ce, "Tunda abin na biro ne, ke ma kina da shi. Uwarta na can tana jira. Ki kai ta gida."